Mai Fentin da Ya Koma Turin Mota

Ƙanena bai taɓa yin abin da za a buga a jarida ba. Jaridar ce ma ta sha wahala a hannunsa, don da ita yake rufe gilashin mota kafin ya yi feshi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana fentin mota. Na girme shi da shekara shida, ni na goya shi, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai cewa sharri na yi masa.

A layinmu Tsakar-Rana ake ce masa, kuma a wurin aiki ya samo sunan. Tsohon da ya koya masa sana'a ya gaya masa tun yana saurayi cewa fenti ba ya kama ƙarfe sai rana ta take tsaka, jikin mota ya ɗauki zafin da in ka tofa yawu za ka ji cuu. Ƙanena ya riƙe maganar nan fiye da duk abin da aka koya masa a makaranta, wadda dama tun aji biyar ya yi mata sallama. Da safe ba ya komai sai guga da samfefa, da cike inda ƙarfe ya lotsa, da manna jarida. Da zarar inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa sai ya tayar da injin iska, ya ɗaura tsohuwar singileti a hanci, ya ɗauki bindigar feshi, shi ke nan sai la'asar. Gwangwanayen fenti da na tina, ruwan nan mai hawa kai da ake tsinka fenti da shi, a buɗe suke wuni, wai buɗewa da rufewa ɓata lokaci ne. Ko mai mota zai yi kuka da hawaye ba zai yi masa feshi da ƙarfe goma ba.

Abin da Allah ya ba shi ido ne. Farin mota kaɗai iri tara ya sani. Ya taɓa mayar da ni gida daga bakin titi in sake mayafi, wai shuɗinsa da shuɗin zanena ba uwarsu ɗaya ba. Sai dai idon nan a gareji yake barinsa. A gida mutumin nan ba ya ganin hularsa ko tana kansa. Makulli, tabarau, maganin hawan jini, lambar wayar 'ya'yansa, duk a kan matarsa suke. Amarya muke ce mata har yau, bayan shekara talatin da bakwai da jikoki huɗu. Tela ce, kekenta na baranda yana kallon titi, a nan take wuni.

Garejin yana ƙarshen layi, gidansu na manne da shi, ni kuma tun da mijina ya rasu katanga ɗaya ce tsakanina da su. Tsallaken titi tasha ce, ta miƙe tun daga farkon layi har gabanmu, da bas-bas kusan ashirin waɗanda ba wadda ba ta isa aurar da 'ya ba. Motocin nan suna da hali guda: ba a kashe su. Da sassafe za a tura kowace ta tashi, daga nan inji ya dinga ci har yamma, ko direba na layin jiran fasinja na awa uku, ko yana cin abinci, ko yana minshari a kan benci. Wasu batirinsu ya mutu, wasu sitata, wasu kuma ba wanda ya san abin da ya mutu. In aka kashe sai an tura, turin kuwa ba mai so. Ga mai sayar da fetur a bakin tasha da jarkokinsa baki a buɗe, ga janareta a ƙofar kowane shago.

Amarya na da asma tun ƙuruciya, amma ba ta taɓa hana ta aiki ba sai shekarun baya-bayan nan, musamman watannin zafi. Kuma ciwon nata kamar ma'aikacin gwamnati yake, da lokacinsa. Da safe garau. Ana yin azahar ƙirji ya fara kamawa, ido na yaji, maƙogwaro na kaikayi. Wajen magariba ya sake ta. Ƙanena ya ce ƙurar yadi ce. Ya ce ruwan sanyi ne. Ya ce yawan faɗa ne. Ran nan da la'asar na ji keke ya yi shiru, na leƙa ta katanga, na ganta kife a kansa tana neman numfashi, abin shaƙar maganin asmar nata ya faɗi ƙasa. Kwana biyu ta yi a asibiti da robar iska a hanci.

Ranar da aka sallame ta 'yarsu ta fari ta iso. Malamar kimiyya ce a wata sakandare mai nisan awa huɗu daga nan, Malama muke ce mata, kuma bakinta nawa ta ɗauko. Ta tara mu a tsakar gida ta ce saura sati shida a yi hutun makaranta, ranar da aka yi hutu za ta zo ta ɗauki uwarta, kuma ba ziyara take nufi ba.

Ƙanena ya ce, "Ki ɗauke ta ki kai ta ina? Matata ce fa."

"Uwata ce, Baba. A can unguwarmu bayan gari take, in ta zo min kwana goma ko tari ba ta yi."

Ya juya wajen Amarya. "Ke kin ji abin da 'yarki take cewa?"

Amarya ta ce, "Ni na ce ta faɗa."

Ban taɓa ganin fuskar ƙanena ta canza launi haka ba. Ya laluba kansa yana neman hula, tana nan. Ya ce to wai me ya yi.

Malama ta ce, "Baba, in ka haɗa rawaya da shuɗi me kake samu?"

"Kore. Ko jikana ya san wannan."

"Ka sayo gwangwanin kore?"

"Me zai kai ni, alhali ina da hannu?"

"To haka abin da ke kama ƙirjin Mama yake. Ba ya fitowa daga salansar kowa, ba ya fitowa daga gwangwanin kowa. Haɗa shi ake yi a iska. Hayaƙin inji, na mota da na janareta, shi ne rawaya. Tururin fetur da tina da fenti, wannan warin da kake cewa ba ka ji, shi ne shuɗi. Rana ita ce sandar juyawa. In ta yi zafi, iska ta tsaya, sai ta yi ta dama su awa bayan awa, har wata iska daban ta fito wadda ba a gani. Shi ya sa da safe babu, sai bayan azahar. Sunanta ozon."

Sai na ga ƙanena ya miƙe zaune, fuska ta washe. Ya ce, "Ozon? Wanda rediyo ta ce ya huje a sama shekarun baya? Har aka ce rana za ta ƙone mu?"

"Shi ne."

"Kuma ni nake haɗa shi?"

"Kai da tasha da..."

"Yaya, kin ji ko? Shekara arba'in ina yi wa sama faci, ko sannu ba wanda ya ce min!"

Na ce masa ya rufe mana baki. Malama ta dafe kai ta ce na sama daban yake, can nesa fiye da inda jirgi ke bi, kuma a can amfani yake yi, yana tare mana zafin rana mai cutarwa. Na ƙasa kuwa ba ya hawa ya toshe komai. A nan yake tsayawa daidai hancin mutane, yana cin huhu, har roba yana tsattsagawa.

Ya ce, "Abin da ba a gani, ba a taɓawa, yarinyar da na saya wa fensir ta zo tana gaya min."

Malama ba ta yi musu ba. Washegari ta dama sitaci, ta zuba masa wani farin gishiri da ta zo da shi daga ɗakin gwajin makarantarsu, ta shafa a 'yan takardu, ta busar da su a ɗaki, ta zuba a kwalba ta rufe. Da gari ya sake wayewa ta maƙale ɗaya a igiyar shanya ta baranda, a inuwa, daga asuba zuwa hantsi. Ta maƙale wata daga azahar zuwa bayan la'asar. Da ta tsoma su a ruwa, ta safen ta ɗan dusashe kawai. Ta ranar kuwa ta rine ta koma shunayya mai duhu.

Ƙanena ba ya jin magana, amma yana jin launi. Ya ɗaga takardun biyu sama, ya karkata su, ya matso da su, ya nesanta. Ya jera su gefe da gefe. Can ya ce, "Tsakanin wannan da wannan akwai hawa bakwai na launi." Malama ta ce takardar ba ma'auni ba ce ta sosai, ko laimar iska na iya canza ta, amma tana nuna hanya. Ya ce, "In ta sauko fa? In na sauko da ita?"

Amarya ta ce, "Ka sauko da ita mu gani."

Malama ta bar kwalbar a hannuna, don ta ce ba ta yarda da ubanta ba, zai iya yi wa takarda farin fenti. Kullum ni ke shanyawa da azahar, ni ke tsomawa da yamma. Shi kuma sai ya haɗa launin da ya fito daidai, ya ɗiga shi da ɗan buroshi a bayan ƙofar gareji, a jere, don takardar tana koɗewa. Amarya aka mayar da kekenta ɗaki, tana ɗinki tana mita wai an sa ta a kurkuku.

Abu na farko, ya nemo murafan gwangwanayensa. Wasu tun zamanin tsohon maigidansa suke ƙarƙashin benci. Na biyu shi ne mai wuya: ya daina feshi da tsakar rana. Ranar farko na gan shi tsaye a gareji da sha biyu, hannu a baya, yana kallon mota tana shan rana a banza, kamar mai kallon abinci ana zubarwa. Masu walda na maƙwabta suka dinga tsokanarsa. "Baba, yau rana ba ta fito ba ne?" "Ko sunan za mu canza maka?" Bai kula su ba. Ya jira har rana ta yi sanyi, gab da magariba, ya yi feshin wata farar mota.

Da safe ya zo ya tarar da ƙwari sun yi taro a kanta. Sauro, ƙananan fara, da wasu masu fukafukai da ban san sunansu ba, duk sun manne a ɗanyen fenti tun daga bonet har but. Mai motar ya zo ya zagaya ta sau biyu ya ce shi dai fara ya ce, bai ce mai zane ba. Sai da ƙanena ya kankare ta gaba ɗaya. Daga nan ya kwaso gidan sauro huɗu, har da nawa, ya kai wa Amarya ta haɗe su. Tun daga ranar duk motar da aka yi wa fenti a garejin a gidan sauro take kwana, mu kuma masu jini a jika muna kwana a fili. Abin mamaki, fentin yamman ya fi kwanciya sumul, ba ƙuraje, ba tafasa. Na ce masa ashe tsohon nan ƙarya ya yi maka. Ya ce ba a zagin mamaci.

Sati biyu aka yi haka. Ɗigon da ke bayan ƙofa suka sauko hawa ɗaya, wata rana ma ba su sauko ba. Malama ta ce a waya, "Ai na gaya maka, Baba, kai shuɗi ne kawai, kuma ba kai kaɗai ba. Rawayan yana tsallaken titi."

Sai ya wanke hannu ya tsallaka. Na bi shi, don na san in aka bar shi shi kaɗai zancen faci zai koma yi musu.

Shugaban direbobin wani ƙato ne da ake kira Ba-Ribas, saboda motarsa ta shekara tara ba ta komawa da baya. Muka same shi a benci yana sakace, motarsa na gefe tana ta kaɗawa ba kowa a ciki. Ƙanena ya yi masa bayanin rawaya da shuɗi. Ya nuna masa takarda. Ya durƙusa ya nuna masa gefen tayarsa yadda ya tsattsage, ya ce wannan ma aikin iskar ne.

Ba-Ribas ya ce, "Baba, tayar nan ta girmi ɗana na fari. Ba ta da ikon tsagewa?"

Direbobi suka fashe da dariya. Wani siriri ya ce, "Mu da muke zaune cikin hayaƙin ga mu garau, sai Hajiya da ke tsallake?"

Na ce masa, "Kai da kake tari kamar tsohon akuya kake cewa garau? Tun daga ɗakina nake jin ka."

Ba-Ribas ya ce, "Gwaggo, ba ƙi muka yi ba. Wa yake son ƙona mai a banza? Amma in na kashe ta, fasinja suka cika, wa zai tura? Fasinja ya sa kayansa masu kyau, ka ce ya sauko ya yi turi, gobe ba za ka gan shi ba."

Ƙanena ya ce, "Ku kashe. Ni zan tura."

"Kai, Baba?"

"Da rana ba ni da aiki yanzu. Daga hantsi zuwa la'asar duk wanda ke layi ya kashe. In layinsa ya zo ya kira ni."

Shekararsa sittin da uku a lokacin, ga hawan jini, ga tumbi. Na ce masa a kunne in ya mutu a bayan bas ba zan yi kuka ba. Ya ce dama bai sa rai ba.

Direbobin sun yarda ne don su sha kallo. Washegari da hantsi suka kashe motoci ɗaya bayan ɗaya, layinmu ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba tun da na tare a nan. Har kukan kaji na ji a bayan tasha, ban san ana kiwonsu ba. Mota ta farko ta cika, direba ya leƙo ya ƙwala, "Baba Mai Fenti! Injinka ya shirya?" Ƙanena ya tsallako da singileti, ya dafa bayan bas mai mutum goma sha takwas da buhuna a sama, ya sunkuya, ya yi nishi. Motar ko gezau. Ya sake. Takalminsa ya zame, ya dafe ƙasa.

Wata mata mai kwando a cinya ta leƙo ta taga, ta ga furfura, ta juya kan direba. "Kai ɗan nan, ba ka da uba ne? Sa'an kakanka ka sa yana tura ka kana zaune kana riƙe da sitiyari kamar ango?" Ta dubi mazan cikin motar. "Ku kuma da kuka baje, ƙafafun aro gare ku?" Maza biyar suka sauko suna gunaguni, aka tura, mota ta yi tari ta tashi, suka bi ta da gudu suna ɗanewa. Ƙanena ya tsaya a tsakiyar titi cikin baƙin hayaƙi yana ɗaga musu hannu.

Mota goma sha huɗu ya tura ran nan, ko in ce ya dafa, don kullum sai an samu wadda za ta zagi maza su sauko. Da yamma bai iya miƙewa ba. Ina jin su ta katanga, Amarya na shafa masa man zafi tana cewa, "Tsoho da kai, ka rasa abin yi sai dakon bas. Wa ya aike ka?" Yana cewa, "Ƙasa kaɗan. Hagu. Yauwa."

A sati na uku na turin, siririn direban nan mai tari ya kawo shawara. Bayan tasha akwai 'yar gangara da ta sauka zuwa kwalbati. Ya ce a mayar da layin can, mota ta gaba ta tsaya a baki da dutse a ƙarƙashin taya. In ta cika a cire dutse, ta gangara, ta tashi da kanta. Aka gwada, ya yi. Aikin ƙanena ya koma cire dutse, yana yi yana hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro gangarar. Ba-Ribas ne kawai ya sha wuya. Ranar farko motarsa ta gangara ta wuce mahaɗar da zai juya kafin ta tashi, ga shi ba ta komawa baya, sai da ya zagaye unguwa guda da fasinja suna tsine masa.

Wasu direbobin suka gyara sitata, don labari ya kai gidajensu cewa tsoho ke tura su, matansu suka hana su sakat. Wasu suka lura mai yana kai musu yamma ba ƙari, suka daina jiran a roƙe su. Biyar ko shida kuwa suka ce su ba za su kashe ba ko sama za ta faɗo, kuma ba su kashe ba har yau. Mai fetur ni na je masa da kaina. Ban yi masa zancen rawaya da shuɗi ba, na ce ya rufe jarkokinsa ko in zauna a gabansa kullum ina gaya wa masu saye cewa rabin man ya tashi sama. Ya rufe. Masu janareta ba abin da muka iya da su.

Ranar hutu Malama ta iso da mota. Ƙanena ya sa riga mai kyau, ya kai mu bayan ƙofar gareji kamar mai buɗe sabon asibiti. Ɗigo arba'in da biyu a jere. Na farkon duhu, na ƙarshen sun fi haske, amma a tsakiyarsu akwai baƙaƙe nan da can, ranakun da zafi ya yi yawa iska ta tsaya cak.

Ya ce, "Hawa uku."

Malama ta ce, "Ni biyu nake gani."

"Ke me kika sani a launi?"

"Ko uku ne, Baba, ka ga waɗannan baƙaƙen? Wannan ba naku ba ne. Garin gaba ɗaya ke dama shi, iska ta kwaso ta kawo muku. Layi ɗaya ba ya gyara gari. Kuma yanzu aka shiga tsakiyar zafi."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Cikin sati shidan nan Amarya ba ta koma asibiti ba, amma sau uku tana kwana biyu-biyu ba ta taɓa keke ba. Duk muka zuba mata ido. Ta shiga ɗaki ta fito da akwati biyu, babba da ƙarami, a ɗaure. Ashe tun jiya ta haɗa.

Ta ce, "Zan je. Kwana arba'in, har zafin nan ya karye. Ranar da na dawo, in na tarar kun koma gidan jiya, ko saukowa daga mota ba zan yi ba."

Ƙanena da kansa ya ɗauki babban akwatin ya kai but, da bayan nasa da komai.

Na ɗauka zai saki. Ba mai kallo, ba mai shafa man zafi. Amma kwana arba'in ɗin nan kullum da hantsi yana bakin gangara da dutsensa. Ya sha maganin hawan jini sau biyu a rana ɗaya, ya kwana uku bai sha ba, ya sa riga a bai-bai ya je ɗaurin aure, ya kulle kansa a waje har sau huɗu. Amma murfi bai kwana a ƙasa ba, feshi bai koma rana ba. Har wani gareji da ke layin baya ya je ya yi musu wa'azin murfi, suka ba shi kujera da ruwa, suka ci gaba da abinsu.

Ta dawo ranar Talata da ƙarfe uku na rana. Ita ta zaɓi lokacin. Malama ta tsayar da mota a bakin tasha, can farkon layi, ba a ƙofar gida ba. Ƙanena ya taho da gudu-gudu da takardar jiya a hannu. Amarya ta sauke gilashi ta ce ba ta son takarda. Ta tambaye ni, "Yaya, ya ya yi?" Na ce ya yi abin da ya ce, sauran kuma ƙazanta ce da za ta gani da idonta.

Ta buɗe ƙofa ta sauko. Ta miƙa min abin shaƙarta ta ce in riƙe, kada in ba ta sai ta nema. Ta kama tafiya a ƙasa daga tasha zuwa gida, tafiyar da rabonta da yi da rana tsaka shekara uku. Muna biye da ita, ni da ƙanena, Malama na binmu a hankali da mota. Direbobi suka taso daga benci suna kallo. Ɗaya daga cikin masu taurin kan nan motarsa na ci, Ba-Ribas ya zura hannu ta taga ya zare makullin ba tare da ya tambaye shi ba.

Ta wuce mai fetur. Ta wuce masu walda. Wajen shagon aski, inda janareta ke ta faman ihu, ta tsaya ta dafa bango ta yi tari sau biyu. Ƙanena ya kama hannuna ya matse har sai da na buge shi. Ta ɗago, ta ja numfashi, ta ci gaba. Da ta kai baranda ta zauna a kan dakali, ta daɗe tana sauraron ƙirjinta kamar mai sauraron maƙwabta. Ba ta nemi abin shaƙar ba.

Ta ce, "A shigo da akwatunan."

Ƙanena ya ruga.

"Ƙaramin a kai ɗaki a buɗe. Babban a ajiye shi bayan ƙofar falo yadda yake. Kada wanda ya kwance min shi."

Ya tsaya da akwati a hannu. "Har yaushe?"

Ta ce, "Zafi ai kowace shekara yake zuwa."

Shekara huɗu ke nan. Akwatin na nan bayan ƙofa a ɗaure, duk wanda zai shiga falon sai ya ɗan karkata. Sau ɗaya ta ɗauke shi, shekarar da aka yi wata biyu ba iska, ta yi sati uku ta dawo. Ran nan na ji ƙanena yana tambayarta wai me ke ciki ne haka da nauyi. Ta ce ranar da ya koma feshin rana zai gani a bayan mota.